Labarina: Yadda na ɓoye ciwon ƙafa don in je NUGA, gasar wasannin jami'o'in Najeriya

Duk wanda ya gan ni ina tafiya zai lura ina ɗan ɗingishi da ƙafar hagu. Shekara da shekaru in an tambaye ni, amsa ɗaya nake bayarwa: hatsari na yi. Sai a ce Allah ya kiyaye gaba, a wuce wurin. Amma babu motar da ta kaɗe ni, babu wanda ya ture ni. Ni na karya ƙafata, a hankali, cikin mako shida, ina ji ina gani. Abin da ya biyo bayan karayar kuwa ya fi karayar muni. Na daɗe ina jin nauyin faɗa, sai dai yanzu 'ya'yan mutane ne a hannuna kullum, ina kuma hango irin taurin kaina a fuskokin wasunsu. Shi ya sa na ga shirun ya isa haka.

A Jos aka haife ni, a Anguwan Rogo, a 1989. Kakana daga ƙasar Kano ya zo zamanin haƙar kuza, ya yi aure, bai koma ba. Baba yana da shagon yadi a babbar kasuwar Taminus, har gobarar Fabrairun 2002 ta cinye kasuwar, ya koma sayar da kayan gwari a Farin Gada. Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta kama sunana. "Wannan yaron" take cewa, ko ta aiko ƙanwata ta kira ni.

Ranar da na san Allah ya ba ni gudu ba ranar farin ciki ba ce. Juma'a ce, 7 ga Satumba 2001, ina shekara 12. Na je babban masallacin cikin gari da ƙanena ɗan shekara biyar. Bayan an idar ba da jimawa ba gari ya yamutse. Ban san me ya faru ba, na dai ga manya suna gudu, hayaƙi yana tashi. Na goya yaron, na kama hanyar gida. Silifas ɗina ɗaya ya tsinke a titin Bauchi, na yar da ɗayan, ban tsaya ba har ƙofar gida. Wani dattijo maƙwabcinmu ya sauke yaron daga bayana, ya dube ni ya ga ko hakin kirki ba na yi, ya ce, "Kai, wannan yaro huhun doki gare shi." A cikin duk tashin hankalin kwanakin nan, maganar dattijon ce ta zauna mini a rai.

Jos garin ƙwallo ne. Iyayenmu ba sa gajiya da labarin Mighty Jets da ta ɗauki kofin lig na farko a ƙasar nan a 1972, da irin su Sam Garba Okoye da Ismaila Mabo. Mu kuma a zamaninmu Mikel Obi ya tashi a garin ya tafi Chelsea, kowane yaro a unguwa ya ɗauka shi ne na gaba. Gudu kuwa ba a ɗauke shi a bakin komai ba. In ka fita da asuba kana sassarfa sai ka ji ana cewa, "Wa ya biyo ka?" A Jos ta bayan 2001 kuma wannan tambaya ba ta wasa ba ce. Mutum in ya ga wani a guje, shi ma gudun yake yi, sai ya yi nisa sannan ya tambayi abin da ya faru. Akwai ranar da wata baiwar Allah mai tuyar ƙosai ta hango ni na karyo kwana da gudu, ta miƙe a firgice har ta kifar da kaskon mai. Allah ya tsare bai zuba a jikinta ba. Na tsaya na ba ta haƙuri, tun daga ranar ba na fita sai da jar riga mai lamba a baya, don kowa ya gane motsa jiki nake.

Katangar Jami'ar Jos ta titin Bauchi tana jingine da unguwarmu. Jami'ar ta fara a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan, ta tsaya da ƙafarta a 1975, amma a wajen yawancin samarin layinmu katanga ce kawai da ake bi ta gefenta. Ni kuwa tun ina sakandare nake ganin ɗalibanta 'yan wasa suna wucewa a jere da sassafe, in bi su da kallo har su ɓace. A 2008 Allah ya ba ni gurbi a tsangayar ilimi da ke Naraguta, ina karanta koyar da tarihi. A shekarar ce Kenenisa Bekele na Habasha ya ɗauki zinare a mita 5,000 da mita 10,000 a gasar Olamfik ta Beijing. A gidan kallon unguwa na ga tseren, ni kaɗai na yi ta roƙon mai gidan kada ya canza tasha.

Ban yi mako uku a makaranta ba na kai kaina wajen 'yan guje-guje. Mai horar da mu dattijo ne Kirista, ɗan ƙasar Filato, Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗi. Koci muke ce masa. Ya sa ni gudun mita 5,000, wato zagaye 12 da rabi, yana riƙe da agogon da ke rataye a wuyansa. Na fita kamar an harba kibiya, a zagaye na takwas na fara ganin duhu-duhu, amma na ƙarasa. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, gudu kam kana da shi. Hankalin gudu ne ba ka da shi, shi zan koya maka."

A bakinsa na fara jin tarihin NUGA, gasar wasanni ta jami'o'in Najeriya. In an gama atisaye sai ya zaunar da mu a ciyawa muna miƙe gaɓoɓi, shi kuma yana ba da labari. An fara gasar a Ibadan a 1966, lokacin jami'o'in ƙasar duka biyar ne: Ibadan, Nsukka, Legas, Ife da Ahmadu Bello ta Zariya. Daga nan ta riƙa zagayawa, ta je Zariya a 2001, Fatakwal a 2004, ta je Maiduguri, ta je Nsukka. Ba ya ɓoye mana cewa Jami'ar Fatakwal ce ke mamaye teburin lambobi, musamman ta ninkaya, inda ɗan wasa ɗaya ke iya kwaso lambobi da yawa shi kaɗai. Jami'armu tana da 'yan ƙwallon ƙafa, da 'yan kwando, da masu judo da takwando, kowa yana ƙoƙarinsa. Amma mu, in ji Koci, gadonmu dogon zango ne, kuma ba wayonmu ya ba mu ba, ƙasar da muke takawa ce. Jos tana kan tudun da ya kai wajen mita 1,200 sama da teku. Iskar sama ba ta da kauri, jikin da ya saba wahala a cikinta jininsa yakan ƙara ƙarfin ɗaukar iska, in ya sauka ƙasa sai ya ji kamar an sauke masa kaya. Sirrin 'yan Kenya da Habasha ke nan, wuraren atisayensu irin su Iten sun ninka tudunmu. Yakan ce da an kula da yaran Pankshin da Mangu da Bokkos yadda ya kamata, da duniya ta san da su. Har gobe ina ganin gaskiyarsa.

A nan na gamu da abokina, ɗan Pankshin, wanda tun firamare hawa da gangaren duwatsu ne hanyarsa ta makaranta. Ya fi ni sanin gudu nesa ba kusa ba. Shi ya koya mini in ƙirga numfashina da takuna, in daina kallon wanda ke gabana, in kalli ƙafafunsa. Kwano ɗaya muke ci. Yakan kawo gwaten acca daga gida, ni in kawo masar Inna.

Ranar 28 ga Nuwamba 2008 rikici ya sake ɓarkewa bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa. Cikin dare, ana dokar hana fita, wayata ta yi ƙara. Shi ne. "Ɗan'uwa, kana raye? Su Baba fa?" Bayan wannan rikicin garin ya tsage gida biyu, unguwar da yake kwana ba na shiga, tawa ma ba ya shiga. A bakin ƙofar makaranta muke rabuwa, kowa ya nufi ɓangarensa. Amma a fili babu wannan. Mu uku ne Musulmi a cikin 'yan dogon zango, da azumi ya zo Koci ya mayar da atisayen kowa zuwa yamma saboda mu, kuma babu wanda ya yi ƙorafi. Yaran da iyayensu ba sa haɗa hanya da iyayenmu su ne ke riƙe mana ruwa suna duba agogo, in an kira salla su miƙo. Na karanta tarihi a aji, amma a filin nan na ga abin da garinmu ya kasance kafin a haife ni, irin wanda Baba ke ba da labari.

Shekarun da suka biyo baya atisaye ya zama yau a yi, gobe a fasa. Yajin aikin malaman jami'a na 2009 ya ci wajen wata huɗu, rikicin Janairun 2010 ya zo ya sake tsayar da komai. Duk da haka lokacina yana raguwa, har na fara shan gaban abokina jefi-jefi. Sai aka ce gasa ta 23 za a yi ta a Jami'ar Benin a watan Maris na 2011, Koci kuma ya ce in na riƙe yadda nake, ina cikin masu tafiya. A ƙa'ida duk shekara biyu ake NUGA, amma kowa ya san ba ta cika zuwa a kan lokaci. Na yi lissafi na ga in wannan ta wuce ni, kafin wata ta zo na bar makaranta. Baba kuwa ya riga ya shaida wa duk 'yan layinsu a Farin Gada cewa ɗansa zai je Benin ya wakilci jami'a. Mutumin da tun gobarar kasuwa ban ga yana alfahari da komai ba.

A jajibirin Kirsimeti na 2010 bama-bamai suka tashi a Anguwan Rukuba da Gada Biyu. Haɗuwa a fili ta gagara. Koci ya rubuta wa kowa jadawali a takarda: kwana huɗu gudu, kwana biyu sassauci, rana ɗaya hutu, kuma a kan ƙasa ko ciyawa, ban da kwalta. Ya ja layi biyu a ƙarƙashin kalmar kwalta. Ni kuwa hanya ɗaya na amince da ita a lokacin, titin Bauchi, ka wuce Naraguta ka nufi Babale, kuma kwalta ce zalla. Na ninka abin da ya rubuta, safe da yamma, ban huta ko yini ɗaya ba. Kambas ɗina na gwanjo ne da na saya a Katako, ƙasansa ya suɗe har ina jin tsakuwa a tafin ƙafa.

A makon farko na Janairu na fara jin wani abu a ƙwaurin hagu, ɗan wuri ƙarami da kan yatsa ɗaya zai rufe. Da farko sai na gama gudu yake zuwa. Bayan kwana goma ya koma zuwa tun ina tsakiyar gudu. Daga nan ya fara tashina cikin dare, ga sanyin hunturun Jos yana shiga har ɓargo. Zaman tahiya ya gagare ni, don a kan ƙafar hagun ake zama, sai na koma yin salla a ƙarshen sahu inda zan iya karkacewa ba a lura ba.

Ba zan ce ban san mene ne ba. Koci ya sha gaya mana: ciwon tsoka yakan bazu, yakan kuma saki in jiki ya ɗau zafi. Ciwon da ya tsaya wuri ɗaya a kan ƙashi, yana ƙaruwa da gudu, alamar tsagewar ƙashi ce, maganinta kuma hutu ne na mako shida zuwa takwas. Na tsaya gaban kalandar da ke bangon ɗakina na ƙirga mako takwas da yatsa, yatsana ya sauka a cikin Maris. Na daɗe a tsaye. Na tuna Baba a kasuwa. Na tuna Inna da ta fara tara kuɗin dambun naman da zan tafi da shi. Na tuna yadda aka raine mu a kan cewa namiji ba ya raki. A wurin na yanke shawarar babu wanda zai ji.

Da muka koma haɗuwa a ƙarshen watan, Koci ya kalle ni zagaye biyu kacal ya kira ni gefe. "Ɗana, ƙafar nan lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, Koci, takalmi ne ya matse ni." Ya dube ni ya daɗe, bai ce komai ba. Abokina kuwa bai ƙyale ni ba. Muna tafiya bakin ƙofa ya ce, "Ɗan'uwa, ba haka kake taka ƙasa ba. Ka faɗa wa Koci, ko ni in faɗa." Abin da na mayar masa har yau in na tuna sai na runtse ido. Na ce masa dama na san gurbina yake hari, tunda na fara wuce shi ya kasa haƙuri. Mutumin da ya kira ni cikin dare yana tambayar ko iyayena na raye. Bai tanka ba. Ya gyara jakarsa ya bi hanyar unguwarsu.

Wani ɗan goyin, kamar yadda muke kiran acaɓa a Jos, shi ya nuna mini tiramol, ƙwayar kashe ciwo. Ya ce shi guda ɗaya yake sha ya yini a kan babur ko gajiya ba ya ji. Na shiga wani kemis na saya, babu wanda ya tambaye ni takardar likita. Na sha da asuba, kafin in kai Naraguta ciwon ya ɓace ɓat. Ranar na yi gudun da ban taɓa yi ba, na dawo gida ina murna na samu mafita. Ban tsaya na yi tunanin cewa ciwo ɗan aike ne ba. Ƙwayar ba ta taɓa ƙashin ba, bakin ɗan aiken kawai ta toshe, tsagar kuma tana nan tana buɗewa da kowane taku. Cikin mako biyu guda ɗaya ta daina isata.

Wata asubar Talata a tsakiyar Fabrairu, ina gangarowa daga wajen Babale, na ji ƙara kamar an karya busasshen kara. Kafin in gane daga jikina ta fito, na riga na kai ƙasa. Na ɗago na ga ƙwaurina ya lanƙwashe inda babu gaɓa. Wata mata da ke ɗauke da itace ce ta sauke kayanta, ta yage zanenta ta ɗaure ƙafar da sanduna biyu daga cikin itacen, ta tsayar da wata akori-kura. Ban san sunanta ba, ban san addininta ba, ban sake ganinta ba. Allah ya saka mata da alheri.

Saboda ƙarancin kuɗi wajen mai ɗori aka fara kai ni. Bayan mako biyar ƙashin ya kama a karkace, dole aka koma asibiti aka sake buɗewa aka sa ƙarfe. Baba ya sayar da filin da ya rage masa. Likitan ya ɗaga hoton ƙashin ya nuna mini inda tsohuwar tsagar take, ya tambaye ni tun yaushe nake jin ciwo. Na ce tun Janairu. Ya ajiye hoton ya ce da a Janairun na zo, da sanda da hutu kawai zai rubuta mini.

Ranar da motar 'yan wasa ta tashi zuwa Benin ina kwance ina kallon silin. Koci ya aiko, abokina ya yi ta kira, 'yan ƙungiya suka haɗa kuɗi suka ba wani ɗalibi ɗan unguwarmu ya kawo. Na kashe wayar na cire layin. Kunya ce ta hana ni, kuma ita ta raba ni da mutanen da suka fi kowa sanin yadda za su ɗaga ni. A yau in aka tambaye ni babbar asarar da na yi, ba lambar zinare nake tunawa ba, don wataƙila ma ba zan ci ba. Layin wayar nan da na cire nake tunawa.

Ƙafa ta warke, ƙwaya ta zauna. Da farko ina ce wa kaina don ciwo nake sha. Daga baya na gane in ban sha ba ba na iya tashi daga katifa: gumi, hamma, ciwon gaɓoɓi, ƙafafu su ƙi tsayawa wuri ɗaya cikin dare. Na bar mai lamba 100 na koma mai 225, irin wadda ake sayarwa a ɓoye. Na faɗi jarrabawa, na sake faɗuwa, na daina shiga aji. Da yajin aikin 2013 ya zo ya ɗauki wata biyar da wani abu, sai ya zame mini mafaka, ina gaya wa iyayena yajin aiki ne ya zaunar da ni, alhali na riga na bar karatun da kaina. A Fabrairun 2014 na ji a rediyo ana NUGA a Ife, na tashi na kashe rediyon.

Baba ya ɗauke ni kasuwa in riƙa taya shi. Na fara zare kuɗi daga aljihun babbar rigarsa in ya rataye ta zai yi alwala. Ya sani. Bai taɓa cewa komai ba, sai dai ya daina rataye rigar. Wannan ya fi mari zafi.

A 2016, wata rana da hantsi, muna sauke kwandunan tumatir daga mota, na yanke jiki na faɗi ina jijjiga kamar mai farfaɗiya, kumfa na fita a bakina. Yawan tiramol yana jawo haka, na ji ana faɗa, ban ɗauka zai zo kaina ba. A gaban mutanen da Baba ya taɓa yi wa albishir ɗansa zai je Benin abin ya faru. Da na farfaɗo a gida, Inna ce zaune a bakin katifata. Ta kira sunana. Sunana na yanka, wanda a shekara 27 ban taɓa ji daga bakinta ba. Ta ce, "Ni na haife ka, ban taɓa kallon idonka na roƙe ka komai ba. Yau ina roƙonka. Kada ka bari a fitar mini da gawarka daga gidan nan a kan ƙwaya." Na juya fuskata bango na yi kukan da ban yi ba ranar da ƙashina ya karye.

Ƙanena, wanda na goya a 2001, shi ya tono tsohuwar wayata ya samo lambar abokina. Bayan kwana uku sai ga shi a Anguwan Rogo. Wanda ya san Jos ta lokacin ya san abin da hakan ke nufi. Ƙanena ya tarye shi a bakin titi ya rako shi, Baba ya fito har waje ya riƙe hannunsa ya ce, "Shigo, ɗana, nan gidanku ne." Ya zauna a tabarma ya dube ni, ya ce, "Ɗan'uwa, ko lamba ɗaya ban ciyo a Benin ba. Gurbin da ka ce ina hari ban taɓa so ba. Wanda zai ja ni a zagaye na goma nake so, kuma ba ka zo ba." Sannan ya gaya mini abin da ya ƙarasa karya mini zuciya. Ashe Koci ya riga ya yi niyyar in ya tabbatar da ciwon ya ajiye ni in warke, ya nema mini shiga tawagar jiha. An yi gasar wasanni ta ƙasa a Fatakwal a tsakiyar 2011, an yi wata a Legas a ƙarshen 2012. Ƙofofi ne a buɗe a gabana, ni kuwa na ƙura wa guda ɗaya ido har na makance.

Shi da Baba suka kai ni sashen masu fama da shaye-shaye a wani babban asibiti. A nan na koyi cewa ba a yanke irin wannan ƙwayar rana ɗaya, likita ne ke rage ta mataki-mataki, kuma janyewar jiki ita ce mai sauƙi, ta zuciya ce ke daɗewa. Bayan wata huɗu na koma ruwa, sau ɗaya, ranar da na gamu da wani tsohon ɗan ajinmu sanye da rigar aiki. Bambancin wannan karon shi ne a daren na faɗa wa Baba da bakina. Ya ce, "To, gobe sai mu koma wajen likita." Rabona da ita tun farkon 2017. A Satumban shekarar Plateau United ta ɗauki kofin lig, gari ya cika da murna, Musulmi da Kirista a titi ɗaya, ni ma na fita da ƙafata mai ɗingishi, idona biyu, hankalina a jikina.

Abokina ne ya matsa mini na nemi Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Pankshin, kamar yadda ake kiran ta a lokacin, na karanta ilimin motsa jiki da lafiya. A gidan iyayensa na yi zangon farko, mahaifiyarsa ta ware mini tukunya da buta. Baba bai ga takardar kammalawata ba, ya rasu ina shekara ta biyu, Allah ya jiƙansa. Koci kuwa na je har gida na durƙusa. Ya tsufa, agogon nan yana rataye a ƙusa a falonsa. Ya ce, "Na gani tun ranar, ɗana. Na so ka faɗa da bakinka ne. Da na sani da na danna wurin da yatsana." Ya ɗora wa kansa laifin da ba nasa ba.

Yanzu ina koyarwa a wata sakandare a cikin gari, ranar Asabar kuma ina tara yara masu son dogon zango, daga unguwarmu da unguwannin da a da ba ma shiga. Da aka kammala NUGA ta 26 a Jami'ar Legas a 2022, wadda Fatakwal ta sake lashewa, aka ce Jami'ar Jos ce za ta karɓi baƙuncin ta 27, abokina ya kira ni muka yi shiru a waya, kowa ya rasa abin faɗa. Gasar da na karya ƙafa don in je mata ita ce aka ce za ta zo bayan katangar gidanmu.

Kwanan baya akwai yaro ɗan shekara 16 a cikin yarana, mafi gudu a cikinsu, saura mako uku a yi gasar makarantu. Na lura yana saurin ɗauke ƙafar dama daga ƙasa. Na kira shi na ce, "Ƙafar nan lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau, Malam, takalmi ne." Na ce ya zauna. Na durƙusa na bi ƙwaurinsa da babban yatsa a hankali daga sama zuwa ƙasa, da na iso wani wuri ya zabura ya riƙe hannuna. Na cire sunansa daga takarda, na kai shi gida a babur ɗina, na yi wa mahaifinsa bayanin asibitin da za su je da hoton da za su nema. Yaron ya yi kuka, ya ce na tsane shi ne, mako biyu ko gaishe ni ba ya yi. Asabar da ta wuce ya zo da sandarsa ya zauna a gefen fili, na cire agogon daga wuyana na ba shi ya riƙe wa sauran lokaci.